Maraƙi shi kaɗai a keji, ko a haɗa su bibbiyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon shanun madara, kuma ina cire maraƙi daga wurin uwarsa ranar da aka haife shi. Kowanne yana da kejinsa shi kaɗai har zuwa yaye. Ina ba su madara a bokiti, lita 2 da safe, lita 2 da yamma. Abin da ke damuna shi ne suna yini suna kuka suna lasar ƙarfen keji, idan kuma na haɗa su bayan yaye sai su dinga tsotsar kunne da cibiyar juna, su rame na kusan mako biyu. Wani ya ce in riƙa haɗa su bibbiyu tun suna ƙanana, wani kuma ya ce idan na yi haka zawo da ciwon huhu za su gama da su. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa kiwon albarka.

Ka haɗa su bibbiyu, amma kada ka fara gyaran daga nan. Mutanen biyu da suka ba ka shawara kowanne yana da tasa gaskiyar, sai dai dukansu sun tsaya a kan keji, alhali abin da ka bayyana ya wuce maganar keji. Kukan yini, lasar ƙarfe, tsotsar cibiyar juna da ramar bayan yaye, babu ko ɗaya a cikinsu da za a kira mugun hali. Ruwa ba ya tsami banza. Maraƙi ba shi da bakin da zai ce maka yunwa yake ji, ko kewa, ko sanyi. Da jikinsa yake faɗa, kuma naka sun daɗe suna faɗa.

Zan fara da yunwa, don ita ce babba a cikin abin da ka lissafa. Lita 4 a rana tsohon ma'auni ne da ya yaɗu a gonakin madara na ƙasashe da dama: a ba maraƙi madara daidai da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, don yunwa ta kora shi ga busasshen abinci da wuri, a yaye shi da wuri, madarar da ta rage ta tafi kasuwa. Lissafin yana da daɗin ji, amma cikin maraƙi ba ya bin sa. A makonni ukun farko tumbinsa bai fara aiki yadda ya kamata ba. Ko ka cika masa komi, abin da zai iya ci ya narkar bai taka kara ya karya ba. Don haka yunwar ba ta kai shi ga komi, tana kai shi ga kuka da lasar ƙarfe.

Maraƙin da aka bari da uwarsa yana kama nono sau da yawa dare da rana, kuma yana shan abin da ya fi lita 4 nesa ba kusa ba. A shekarar 2002 masu bincike a Jami'ar British Columbia da ke Kanada sun bar maruƙan Holstein, wani irin shanun madara na Turai, su sha iya son ransu ta kan nonon roba. Sun sha kusan ninki biyu na abin da aka saba ba su, sun fi sauran girma kafin yaye, kuma ba su fi su zawo ba. Bayan shekara goma, a 2012, wani binciken a Jami'ar Cornell ta Amurka ya bi diddigin maruƙa mata har suka girma suka haihu. An ga cewa duk ƙarin giram 100 na nauyi da maraƙa ke yi a rana kafin yaye yana tafiya da ƙarin kusan kilo 85 na madara a tatsarta ta farko. Wato madarar da ka hana ta tana ƙarama, ita ce za ta hana ka tana karsana mai haihuwar fari.

Saboda haka ka ɗaga ma'aunin a hankali cikin makon farko har ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin da aka haife shi da shi. Ga maraƙin da ya zo duniya da kilo 40, wannan lita 6 zuwa 8 ke nan a rana. Idan irin shanunka ƙanana ne, ka auna da nauyinsu, kada ka ɗauki adadin lita kawai. Idan da hali, ka raba sau uku a makonnin farko. Na san tsoron da ke zuciyar mai kiwo a nan: wai yawan madara na kawo zawo. Maraƙin da ya ƙoshi da madara kashinsa yakan yi laushi, ya kuma yi yawa, amma wannan ba zawo ba ne muddin idonsa a buɗe yake, yana tashi da kuzari, yana sha. Abin da ke kawo zawo daga madara shi ne bokitin da ba a wanke da kyau ba, madarar da ta daɗe a ajiye, madarar da yau da ɗumi gobe da sanyi, ko madarar gari da yau an dama ta da kauri gobe tsararo. A ba shi madarar da ɗumin jiki, kusan digiri 38 zuwa 40, a lokaci ɗaya kullum, da haɗi iri ɗaya.

Sai bokitin kansa. Nan ne asalin tsotsar kunne da cibiya. Maraƙi yana shanye lita 2 daga bokiti cikin minti ɗaya ko biyu. Amma ɗanɗanon madara a bakinsa yana tayar masa da sha'awar tsotso, kuma wannan sha'awar tana ɗaukar kusan minti goma kafin ta lafa. Madara ta ƙare, sha'awa tana nan daram. Dole ta sauka a kan wani abu: hannun bokiti, ƙarfen keji, yatsanka, ko jikin maraƙin da ke kusa. Tsotso ga maraƙi buƙata ce mai zaman kanta, ba hanyar shigar da madara kawai ba. Yana taimaka wa jiki sakin sinadaran narkar da abinci da na jin ƙoshi, shi ya sa wanda ya tsotsa ya kan kwanta ya yi barci, wanda ya kwankwaɗa daga bokiti kuwa ya tsaya yana neman abin kamawa.

Maganin ba shi da wuya. Ka sa kan nonon roba a jikin bokitin, ko ka yi amfani da kwalba mai kan nono. Ramin ya zama ƙarami yadda sai ya yi aiki kafin madara ta fito. Wannan wurin ina son ka kula da shi sosai, don na sha ganin masu aiki sun yanke bakin robar da wuƙa don a gama ba da madara da wuri, sai amfanin ya tafi gaba ɗaya. Idan ya shanye, kada a ɗauke bokitin nan take. A bar masa robar na minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ci gaba da tsotso har sha'awar ta sauka. Kuma kada ka ɗauki tsotsar juna da wasa: cibiyar da ake tsotsa tana kumbura ta yi ruwa, hantsar maraƙa da ake tsotsa tana iya lalacewa tun kafin ta girma, wadda kuma ta saba tana iya girma da halin har ta riƙa shan nonon sauran shanu a garke.

Yanzu ga maganar haɗawa. Saniya dabbar garke ce, kuma maraƙi da kallon ɗan'uwansa yake koyon yawancin abin da ya sani. Wanda yake da aboki yana fara taɓa busasshen abinci da wuri, don ya ga wani ya sa baki a komi. Wanda yake shi kaɗai sai ya gano komai da kansa. A jami'ar nan ta Kanada da na ambata an daɗe ana gwada wannan. A wani binciken da aka fitar a 2010, maruƙan da suka tashi su kaɗai sun fi masu aboki kuka sosai lokacin yaye. Da aka kai su babban garke mai sabon wurin cin abinci, masu aboki sun fara ci cikin ƙasa da awa goma, waɗanda suka tashi su kaɗai kuwa sai da suka ɗauki kusan kwana biyu. Kwana biyu babu ci a jikin maraƙin da aka yaye jiya, ka ga inda ramar naka take fitowa.

Akwai wani gwajin da ya fi burge ni, na shekarar 2014. An koya wa maruƙa cewa a cikin launuka biyu, ɗaya yana kai su ga madara, ɗayan babu komai. Duka sun koya, masu aboki da marasa aboki. Sai aka juya dokar, launin da ke da madara ya zama babu, wanda babu ya zama shi ne mai madara. Masu aboki suka fi saurin gane cewa abu ya sauya, waɗanda suka tashi su kaɗai suka fi daɗewa suna komawa tsohon wuri. Wani zai ce ina ruwan mai kiwo da wayon maraƙi. Da ruwansa ƙwarai. Rayuwar saniyar madara cike take da sauyi: sabon garke, sabon abinci, sabon wurin shan ruwa, wurin tatsa, wani lokacin injin tatsa. Dabbar da ba ta iya sabo da sabon abu da wuri tana rasa ci a duk lokacin da aka sauya mata wani abu, kuma kowane rashin ci kai ne kake biyan kuɗinsa. Ban da wannan ma, halitta ce da Allah ya yi ta da son 'yan'uwanta. Tsare ta wata biyu ba ta taɓa jikin kowa ba abu ne da bai kamata ya kwanta mana a rai ba, ko da babu asara a ciki.

To, mai tsoron cuta fa? Ba zan raina maganarsa ba. An ƙirƙiro kejin maraƙi ɗaya ne don a rage yaɗuwar zawo da ciwon huhu, da kuma don mai kula ya san wanda ya sha da wanda bai sha ba, ya san kashin wane ne ya sauya. Waɗannan dalilai ne na gaske. Wani bincike da aka yi a ɗakunan maruƙa a jihar Wisconsin ta Amurka, aka fitar a 2006, ya gano abu uku da ke tafiya da ƙarancin ciwon huhu a lokacin sanyi: ƙarancin ƙwayoyin cuta a iskar da ke cikin keji, shimfiɗa mai kauri da maraƙi zai nutse a ciki, da shinge rufaffe tsakanin maraƙi da maƙwabcinsa. Na ukun nan yana goyon bayan mai ba ka shawara ta biyu, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Amma da aka zo ana kwatanta maraƙi ɗaya da maruƙa biyu kai tsaye a gonakin da ake kula da kyau, yawancin binciken bai ga ƙarin cuta a wurin bibbiyun ba. Inda matsala take fara bayyana shi ne babban rukuni. A Suwidin an ga rukunin maruƙa 12 zuwa 18 sun fi rukunin 6 zuwa 9 kamuwa da ciwon huhu. Biyu daban, ashirin daban. Kuma abin da ke yanke hukunci a kan ko maraƙi zai kwanta ciwo ko ba zai kwanta ba, yawanci ya riga ya faru kafin ya shiga kowane keji.

Ina nufin dakashi, wato nonon farko da uwa ke bayarwa bayan haihuwa. Mabiyiyar saniya ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su ratsa daga jinin uwa zuwa ga ɗan da ke ciki, saboda haka maraƙi yana faɗowa duniya kusan babu garkuwa. Duk abin da zai kare shi a makonnin farko daga dakashi yake samu, kuma hanjinsa yana iya ɗaukar waɗannan sinadarai ya shigar da su jini na ɗan lokaci ne kawai. Ƙofar tana fara rufewa tun daga awannin farko, kafin awa 24 ta rufe. Tunda kai kake cire shi ranar haihuwa, wannan nauyin ya dawo wuyanka gaba ɗaya. Ka tatsi uwar da wuri, cikin kwano mai tsabta, ka ba shi kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato lita 3 zuwa 4 ga babban maraƙi, cikin awa biyun farko idan zai yiwu, kada dai ya wuce awa shida. Ka ƙara masa wani kafin awa goma sha biyu. Idan ya ƙi tsotsa, a sa masa ta bututun ciki, amma a hannun wanda aka koya wa, don kada ya bi hanyar huhu. Akwai wata ƙaramar na'ura da ake kira Brix, ana ɗiga dakashi a kanta a duba ingancinsa. Dakashin da ya kai 22 ko sama a ma'auninta shi ne mai kyau na shan farko. Sannan a tsoma cibiya a aidin. Maraƙin da bai samu dakashi ba, yawanci sai ya yi ciwo ko da shi kaɗai ne a gonar. Wanda ya samu isasshe, aboki ɗaya ba zai kayar da shi ba.

Bayan dakashi sai wurin kwanciya. Ƙaramin maraƙi yana kwance kusan awa 17 zuwa 18 a rana, don haka ƙasan kejinsa shi ne duniyarsa. Ga gwajin da ba ya buƙatar na'ura: ka shiga kejin ka durƙusa a inda yake kwanciya na rabin minti. Idan ka tashi gwiwarka da laima, shimfiɗar ta lalace. Tun kana durƙushen, ka sauke kanka daidai da inda hancinsa yake idan ya kwanta, ka shaƙa. Idan zarni ya bugi hancinka ko ya sa idonka yaji, ka sani abin da huhunsa ke shaƙa ke nan dare da rana, kuma wannan zarnin yana ƙona hanyar numfashi ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Mu da muke tsaye ba ma jin sa, shi ya sa yake wuce mana. Shimfiɗar busasshiyar ciyawa ko karan alkama ta fi komai riƙe ɗumi. A lokacin sanyi a zuba ta yadda idan ya kwanta ba za ka ga ƙafafunsa ba. Jariri a makonni ukun farko yana fara ƙona abincinsa don ɗumama jiki da zarar sanyi ya sauka ƙasa da kusan digiri 15, kuma idan gashinsa ya jiƙe abin yana farawa tun kafin nan. Siminti tsirara ba wurin kwanciyar maraƙi ba ne.

Iska kuma iri biyu ce, kuma rashin bambance su yana kashe maruƙa. Akwai wadda ke sauya iskar ɗaki a hankali ta sama, ta fitar da laima da zarni, wannan ana son ta ko da sanyi ake yi. Akwai kuma wadda ke kaɗawa kai tsaye a jikin maraƙi yana kwance, wannan ita ce ake tarewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a toshe ko'ina don tausayi, sai ɗakin ya zama tukunyar ƙwayoyin cuta. A tare ƙasa daidai tsayin maraƙi, a bar sama a buɗe. A wurin zafi kuwa, kejin roba ko na kwano da ke cikin rana yana iya fin waje zafi. A sa shi a inuwa, a ɗaga bayansa kaɗan don iska ta ratsa. Kada kuma maruƙa su yi tarayya da manyan shanu a iska ɗaya ko magudanar ruwa ɗaya.

Idan waɗannan sun daidaita, haɗawar ba ta da wahala. Ka cire shingen da ke tsakanin keji biyu, ko ka jera ɗakuna biyu su yi tarayya a fili ɗaya. Ka fara da zarar kowannensu ya iya kama roba da kansa kuma yana da lafiya, yawanci cikin makon farko ko na biyu. Amfanin ya fi yawa idan an haɗa da wuri fiye da a jira sai mako shida. Tazarar haihuwarsu kada ta wuce mako ɗaya, iyaka biyu, don babba yana ture ƙarami, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin da ƙaramin bai shirya musu ba. Kowanne da robarsa, a nesanta su, in da hali a sa ɗan allo a tsakani lokacin sha don mai sauri kada ya ƙwace na mai nawa. Kada ka haɗa su a kan lita 4 da buɗaɗɗen bokiti. Idan ka yi haka za su tsotsi juna fiye da yanzu, ka ce haɗawa ce ta jawo, alhali yunwa ce ta samu abin kamawa.

Game da faɗin wuri, dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta hana tsare maraƙi shi kaɗai bayan ya kai mako takwas sai da umarnin likita, ta kuma ce ko kafin nan dole kejin ya bar shi ya ga sauran ya taɓa su. Mafi ƙarancin wurin da ta yarda da shi a rukuni shi ne murabba'in mita 1.5 ga maraƙin da bai kai kilo 150 ba. A 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta ba da shawarar a wuce haka: rukuni na biyu zuwa bakwai tun daga makon farko, da murabba'in mita 3 ga kowanne. Ni ma murabba'in mita ukun nan nake ba da shawara. Wuri mai faɗi ya fi daɗewa a bushe. Idan rukuni ya fita, a kwashe shimfiɗa duka, a wanke, a bar wurin ya bushe na 'yan kwanaki kafin wasu su shiga. Bushewar nan tana da muhimmanci, don ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo zawon mako na biyu, kiriftosforidiyam, ba ta jin yawancin magungunan wanke ƙasa, kuma tana kama mutum. A wanke hannu bayan an taɓa mai zawo.

Yaye kuma, ramar da kake gani ba dole ba ce. Tumbi yana girma ne da busasshen abinci mai hatsi, don idan ƙwayoyin da ke cikinsa suka ruɓar da hatsin suna fitar da sinadaran da ke tsiro da 'yan yatsun bangon tumbi masu tsotse abinci. Wannan aikin yana buƙatar ruwa, kuma madara ba ta maye gurbin ruwa, don idan maraƙi yana tsotso akwai wata kwata a cikinsa da ke rufewa ta wuce da madarar kai tsaye zuwa ciki na huɗu, wato na ƙarshe a cikin sassa huɗu na cikin saniya, ba tare da ta shiga tumbi ba. Saboda haka ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa tun ranar farko, da ɗan abincin maruƙa sabo kullum, da ɗan yankakkiyar ciyawa mai laushi. Ciyawar tana ba bakinsa aiki, tana sa ya fara tuƙa, tana rage lasar ƙarfe da murɗa harshe. Kada ka yaye da kwanan wata kaɗai. Ka duba komi: idan ya yi kwana uku a jere yana cinye kilo 1 zuwa 1.5, ya shirya, yawanci tsakanin mako takwas zuwa goma. Ka rage madarar a hankali cikin kwana goma zuwa sha huɗu. Kuma kada ka tara masa wahalhalu a mako ɗaya. Yanzu kana cire madara, ka sauya masa wuri, ka haɗa shi da baƙi, duk a rana ɗaya. A cire madara ya zauna inda ya saba da abokinsa na mako ɗaya ko biyu, sannan a kai su sabon garke tare.

Ba ka tambayi maganar ƙaho ba, amma ba zan wuce ta ba. Idan kana ƙona tushen ƙaho, a yi shi kafin wata biyu, kafin tushen ya manne da ƙashin kai, da allurar kashe zafi a jijiyar ƙahon, da kuma maganin rage zogi da zai ɗauke shi bayan allurar ta sake shi. Bincike a jihar Kalifoniya ta Amurka ya nuna ciwon da ƙuna da ƙarfe mai zafi ke bari yana ɗaukar kusan mako tara kafin ya warke, kuma wurin yana masa zafi a duk tsawon lokacin. Shirun da maraƙi ya yi bayan an sake shi ba alamar bai ji ba ce. Wanda ke da damar zaɓar bijimin da 'ya'yansa ke zuwa babu ƙaho ya huta da wannan aikin gaba ɗaya.

Cire maraƙi ranar haihuwa kuwa, magana ce da masana ba su gama daidaitawa a kanta ba, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Idan an raba su da wuri, kukan rabuwa kaɗan ne, don ba su riga sun shaƙu ba. Idan an bar su kwanaki ko makonni, maraƙi ya fi girma ya fi iya zama da garke, amma ranar rabuwa ta fi zafi gare su duka biyun, sai an yi ta a hankali, misali da shingen da za su ga juna ba tare da ya kama nono ba. Wasu shanun masu tozo ma ba sa sakin nono sosai sai ɗansu yana kusa. Idan garkenka ba shi da cutar da ke bi ta nono ko ta kashin uwa, kuma wurin haihuwa yana da tsabta, ni ina son a bar ta ta lashe shi ta busar da shi, su yi aƙalla yini ɗaya tare, kai kuma ka tabbatar da idonka cewa dakashi ya shiga cikinsa, kada ka ɗauka ya sha don kawai ka gan shi a ƙarƙashinta.

Yadda za ka san gyaran ya kama ba sai ka jira sikeli ba. Ka tsaya ka kalle su bayan an zuba sabuwar shimfiɗa. Maraƙin da ya ƙoshi, ba ya jin zogi, yana da fili, zai zabura a guje, ya yi tsalle, ya harba ƙafafun baya, ya tunkuyi abokinsa. Yunwa da ciwo da ƙuncin wuri duk suna kashe wannan wasan, shi ya sa nake ɗaukarsa ma'auni. Ka kuma lura da yadda suke yi idan mai kula da su ya shigo. Maruƙa suna gane mai lallaɓa su da mai dukansu, kuma wadda ta tashi tana ɗari-ɗari da mutum ita ce za ta riƙa harbi tana riƙe nono a wurin tatsa. Wanda ya ƙi tashi lokacin madara, ko kunnensa ya langaɓe, ko idonsa ya faɗa, a auna zafin jikinsa nan take; idan ya kai digiri 39.5 a kira likita. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na maruƙa tsakanin shan madara, kada a yanke masa madarar. Idan dole a ware shi, a ware shi inda zai riƙa hango abokinsa.

Waɗanda suka riga suka saba da tsotsar juna a hannunka yanzu, ka tsaya bayan an ba su abinci ka gano mai tsotsar, don yawanci ɗaya ne ko biyu suke yi, sauran suna tsayawa ne kawai a tsotse su. Ka tabbatar yana samun isasshen abinci da ciyawa, ka sa masa zoben hanci na roba mai ƙayoyi, irin wanda ake maƙalawa ba tare da huda ba, don wadda ya je tsotsa ta riƙa kauce masa. Ka riƙa cire zoben kana duba hancin saboda kada ya ji masa ciwo. Idan bayan 'yan makonni bai daina ba, ka raba shi da maruƙa mata, ka duba hantsar waɗanda ya daɗe yana tsotsa ko akwai kumburi ko tauri, ka rubuta lambobinsu don a sa musu ido ranar da suka haihu.